Takunkumi: Makamin Da Aka Aro Daga Turai, Aka Gwada Shi A Kamba

A ranar 30 ga watan Yuli, 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Muhammad Bazoum a Yamai, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja suka yanke wa Jamhuriyar Nijar hukunci. Suka ce a rufe iyakokin ƙasa da na sama, a dakatar da duk wata hulɗar ciniki, a riƙe kuɗaɗen ƙasar da ke bankunan yankin. Ba a ware abinci ba, ba a ware magani ba. Mako bai zagayo ba sai Nijeriya ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga Nijeriya take zuwa. Babbar wayar da aka kashe ɗin kuwa, wadda ke haska Yamai, daga nan Birnin Kebbi ta tashi. Wato da hannun mutanen Kabi aka jefa 'yan uwansu na Dosso da Gaya da Yamai cikin duhu, ba tare da an tambaye su ko sun yarda ba.

An ɗage wannan takunkumi tun watan Fabrairu na 2024, kuma da yawa sun riga sun manta da shi. Mantuwar ita ce abin tsoro. Domin wannan ne karo na uku cikin shekara arba'in da aka datse iyakar da ke Kamba da Dole Kaina da Illela da Jibiya da umarni daga sama, kuma babu abin da ya nuna ba za a yi na huɗu ba. Ya kamata matashin da ke zaune a Gesse ko Badariya ko Argungu ya san asalin wannan makami, ya san wa ya ƙera shi, ya kuma san a kan wa yake faɗawa duk lokacin da aka harba shi, kafin a sake zuwa masa da daɗin baki a ce ya yi tafi.

Hana mutane ciniki don a durƙusar da su tsohon zalunci ne. Duk mai karatun Sira ya san takardar da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba, wadda ta haramta saye da sayarwa da auratayya da Banu Hashim har kimanin shekara uku. Amma waɗanda suka mayar da abin ilimi, suka yi masa dokoki da ma'aikatu da jiragen yaƙi, su ne Turawa, kuma a kan junansu suka fara gwada shi.

A shekarar 1805 Ingila ta ragargaza jiragen yaƙin Faransa da Sifen a Tarafalga. Daga ranar sarkin Faransa Napoliyon ya san ba shi da hanyar ƙetare teku ya ci Ingila da sojoji. Sai ya ce to, tunda ƙarfin Ingila a kasuwa yake, a kasuwa za a kashe ta. Ranar 21 ga Nuwamba, 1806, yana zaune a birnin Balin bayan ya cinye Furushiya, ya fitar da dokar da ta haramta wa duk ƙasashen da ke ƙarƙashinsa hulɗa da Ingila: ba ciniki, ba wasiƙa, kuma duk kayan Ingila da aka kama ganima ne. Ingila ta mayar da martani a 1807 da nata dokokin, ta ce duk jirgin da zai je tashoshin Faransa da ƙawayenta sai ya fara biyowa ta tashar Ingila, in ba haka ba a kama shi. Napoliyon ya ƙara da dokar Milan a ƙarshen shekarar, ya ce shi kuma duk jirgin da ya bi umarnin Ingila ya zama halas a gare shi. Mai jirgin da ba ruwansa da rigimar ya shiga tsaka mai wuya: gaba kura, baya sayaki. Ƙasar Denmak, wadda ba ta cikin yaƙin, a watan Satumba na 1807 Ingila ta yi wa babban birninta Kofanhagen ruwan wuta ta kwashe jiragenta, don kawai kada su faɗa hannun Faransa.

To me ya biyo baya? Abu na farko, fasa-ƙwauri ya zama sana'ar da ta fi kowace riba a Turai. Ingila ta ƙwace wani ɗan tsibiri mai suna Heligolan kusa da gaɓar Jamus ta mayar da shi rumbun ajiye sukari da kofi da yadi, ƙananan jirage suna kwasa cikin dare suna shigarwa. Tsibirin Malta ya yi irin wannan aiki a kudu. Jami'an kwastan da Napoliyon ya jibge a tashoshi, da hafsoshinsa, da gwamnoninsa, da yawansu suka koma cin abinci da dokar da aka ba su tsaro. Har an ruwaito cewa rigunan sanyi da takalman da wasu rundunoninsa suka sa a wancan lokaci daga masaƙun Ingila aka yi sumogarsu. Ƙanensa na jini, Luwis, wanda ya naɗa sarkin Holan, da ya ga talakawansa na mutuwar tsaye sai ya riƙa kau da kai. A 1810 Napoliyon ya matsa masa har ya sauka, ya haɗe Holan da Faransa. A shekarar ce kuma ya ba da umarnin a riƙa tara kayan Ingila da aka kama ana ƙonawa a bainar jama'a, mutane suna tsaye da tsummokara a jiki suna kallon yadi yana cin wuta.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Shi mai dokar da kansa ya zama babban mai karya ta. Da baitulmalinsa ya fara bushewa saboda kuɗin fito ya ragu, sai ya shiga sayar da takardun izini ga zaɓaɓɓun 'yan kasuwa su yi cinikin da ya haramta wa kowa. A 1809 da 1810, lokacin da damina ta yi wa Ingila gardama take neman hatsi ido rufe, Faransa ce ta sayar mata da alkama. Manyan tashoshin Faransa irin su Bodo da Nant suka mutu murus, ma'aikatan jirage da 'yan dako suka rasa abin yi. A can Ingila ma masaƙa suka sallami mutane, a 1811 yunwa da rashin aiki suka tayar da tarzoma a garuruwan masana'antu. Amma gwamnatin Ingila ba ta faɗi ba, ta nemi kasuwa a Kudancin Amurka da sauran wurare. Wasu kam sun ci riba a ɓangaren Napoliyon: masu masaƙun auduga da aka kare daga gasar Ingila, da masu tatsar sukari daga wani tushen shuka da aka koma nomawa saboda rake ya daina zuwa. A riƙe wannan batu, za a dawo kansa in an zo maganar shinkafa.

Abu na uku shi ne ya kashe shi. Takunkumi kamar shinge ne, in akwai kafa ɗaya to aikin banza ne, kuma toshe kowace kafa sai da yaƙi. Fotugal ta ƙi rufe tashoshinta, ya aika mata da sojoji a 1807, abin da ya jefa shi cikin yaƙin Sifen da ya yi ta cin mutanensa shekara da shekaru. Rasha, wadda ta shiga tsarin a 1807, ta ga katako da hatsinta sun rasa mai saye, sai ta zare jiki a ƙarshen 1810. A watan Yuni na 1812 Napoliyon ya shiga Rasha da mayaƙa sama da 400,000, kaɗan ne suka dawo. Wanda ya haƙa ramin, shi ya faɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa wannan makami ba ya taɓa cin nasara. Yana ci, kuma yadda yake ci ɗin shi ne abin da ya kamata a sani. A yaƙin duniya na farko, daga 1914, jiragen Ingila suka datse tekun da Jamus ke samun kaya ta cikinsa, suka sa abinci da takin zamani cikin jerin haramtattun kaya. Noma ya ja baya, dankali ya yi ƙaranci, a hunturun 1916 zuwa 1917 mutanen birane suka koma cin wani tushe da a da dabbobi ake ba. Hukumar lafiya ta Jamus ta ce mutum 763,000 ne suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ta haifar. Wani bincike da aka yi daga baya ya ce 424,000 ne. Ko wanne aka ɗauka, ba sojoji ba ne, ba kuma fadawan sarki ba ne. Tsofaffi ne da mata da yara da marasa lafiya a asibitoci. Sarkin Jamus ya gudu Holan ya rayu har 1941. An tsagaita wuta a watan Nuwamba na 1918, amma ba a ɗage ƙawanyar ba sai watan Yuli na 1919, bayan an tilasta wa Jamus sa hannu a yarjejeniyar Basai. Wata takwas ana horar da mutanen da suka riga suka ajiye makami da yunwa.

Ga inda gizo yake saƙa. Robat Sesil, wanda shi ne ministan da ke kula da wannan ƙawanya a gwamnatin Ingila, yana cikin manyan waɗanda suka tsara Majalisar Ƙasashen Duniya ta farko bayan yaƙin. A sashe na 16 na kundinta aka rubuta cewa duk ƙasar da ta ta da yaƙi, sauran za su yanke hulɗar ciniki da ita. Makamin da ya kashe dubban ɗaruruwa aka wanke shi, aka sa masa farar riga, aka raɗa masa suna makamin zaman lafiya. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935 aka ce za a gwada shi, amma aka cire man fetur daga ciki, aka bar mashigin Suwez a buɗe jiragenta suna wucewa da sojoji. A 1936 aka janye takunkumin, Habasha na hannun Musolini. Da aka zo kan Iraƙi a 1990 kuwa, kusan ba a bar wata kafa ba. Manyan jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya biyu da ke kula da agaji a Bagadaza, Denis Halide a 1998 da Hans fon Sifonek a 2000, sun ajiye aiki saboda abin da suka ga yana faruwa da yara. Saddam bai sauka ba sai da aka shigo da tankoki a 2003. Mai ƙarfi ana yi masa sassauci, mai rauni ana shaƙe shi har lahira.

Wannan ƙasa ma ta ɗanɗana tun kafin a kira ta Nijeriya. Kamfanin Royal Niger na Goldi, wanda Ingila ta ba izinin mulki a 1886, ya ƙaƙaba lasisi da haraji masu nauyi a kogin Kwara har ya kori 'yan kasuwar Nembe daga kasuwannin da kakanninsu ke ci. Da yunwa ta ishe su, a watan Janairu na 1895 Sarki Koko ya kai wa hedkwatar kamfanin da ke Akasa hari, sojojin ruwan Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Su dai waɗannan Turawa, Ingila da Faransa, su ne suka zauna a biranensu a 1890 da 1898 da 1904 da 1906 suna ja da gyara layin da ya raba Arawan Kangiwa da na Dogon Dutsi, ya raba Dandawan Kamba da na Gaya, ya raba Argungu da Dosso waɗanda ke da tsohuwar amana tsakaninsu. Layin da babu shi a zamanin fatake, shi ne yanzu ake rufewa a buɗe kamar ƙofar shago.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Babangida. Abin ya haɗu da fari, hatsin da Nijar ta saba samu daga kasuwannin arewa ya yanke, har mutanen can suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, aka ce don a hana shigo da shinkafar waje ne. Aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mutumin Kamba ya zama baƙo a ƙasarsa, sai ya yi tafiya kafin ya sami abin zuba wa babur ko injin ban ruwa.

A nan akwai masu cewa ai Kabi ta amfana, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a watan Nuwamba na 2015, akwai manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, kuma shanshera ta yi daraja a fadamun Rima da aka rufe iyakar. Haka masu auduga da sukari suka amfana a zamanin Napoliyon. Abin tambaya shi ne, ribar a aljihun wa ta tsaya? Manomin da ya ci bashin taki yakan sayar da kaka, lokacin da kaya ke araha. Mai rumbu da mai inji su ne ke riƙewa har farashi ya hau. Shi kansa manomin in bazara ta yi kasuwa yake komawa ya auno. Alƙaluman gwamnati sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin 100 a lokacin da aka rufe zuwa sama da kashi 19 a watan Disamba na 2020 da aka fara buɗewa. Gaskiya ne annobar korona da ambaliyar da ta cinye gonakin Kabi a 2020 suna da hannu a ciki. Amma shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba ko na rana ɗaya. Hanya kawai ta canza, ta koma daji da kogi, a kan babura da kwale-kwale, kowane shinge da kuɗinsa. Iyaka mai tsawon sama da kilomita 1,500 wadda Napoliyon da rundunarsa ma ba za su iya tsarewa ba, wa zai tsare ta da igiya da ganga?

Sai 2023, wanda shi ne takunkumi irin na Turai sak, da sunansa da kamanninsa. Hujjar masu shi ita ce juyin mulki laifi ne, kuma gara a matsa ta hanyar kasuwa da a yi yaƙi. Ba sai mutum ya goyi bayan soja ba kafin ya ga ramin da ke cikin wannan hujja. Na ɗaya, tare da barazanar yaƙi aka kawo takunkumin, da wa'adin mako guda, sai da majalisar dattawa da sarakuna da malaman arewa suka taka birki. Na biyu, su waye suka ji a jikinsu? Ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyakoki, musamman a gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, har da masu ɗauke da abincin agaji da magunguna. Albasa da kayan gwari suka ruɓe a kan mota. Direbobi da yaran mota suka cinye guzurinsu suka koma bara. 'Yan dako, 'yan kabu-kabu, masu sayar da abinci a tasha, masu canjin sefa, dillalan shanu da wake, duk wanda cinsa ya rataya ga zirga-zirgar iyaka ya wayi gari hannu rabbana, kuma wannan ya zo wata biyu kacal bayan an cire tallafin man fetur. A can ƙetare asibitoci suka koma kan janareta, gwamnatin sojan ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100. Babu wanda ya ji labarin wani janar ya kwana da yunwa.

Sakamako fa? A ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ECOWAS ta ɗage takunkumin ta ce don jin ƙai ne, Bazoum yana nan tsare, Janar Tiani yana kan kujera. Kafin nan Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso a watan Satumba na 2023, suka sanar da ficewa daga ƙungiyar a watan Janairu na 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Kayan da suka saba biyowa ta Kwatano aka karkatar da su ta Lome da Burkina da rakiyar sojoji. An daɗe ana bayyana cewa Nijeriya na ba Nijar wuta ne don kada ta datse kogin Kwara a sama ruwa ya ragu a Kainji. Wanda aka kashe wa wuta sau ɗaya kuwa ya sami hujjar neman tasa madatsar, kuma masunta da manoman Yawuri da Bagudo ne a ƙasan ruwan.

Mafi muni, wanda aka dake shi da makamin ya koyi riƙe shi. Bayan an ɗage takunkumi Nijar ta ƙi buɗe iyakarta da Benin, Benin ta rama a watan Mayu na 2024 da hana lodin ɗanyen man Nijar a tasharta. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Yamai ta haramta fitar da hatsi zuwa ko'ina in ba Mali da Burkina ba. Yau wannan ya rufe, gobe wancan ya rama, kamar dokar Balin da ta Milan, talaka a tsakiya.

Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Suna da gwamnoni bakwai da sanatoci 21 da ɗimbin 'yan majalisar wakilai. Sau uku an rufe musu ƙofa da sanarwa ɗaya ba tare da an zauna da mutanen da abin zai shafa ba. Abin da ya wajaba a kansu shi ne su nemi doka wadda za ta hana kowane shugaba rufe iyaka sai da amincewar majalisa da wa'adi bayyananne, wadda kuma za ta haramta sa abinci da magani da wutar lantarki cikin kowane irin takunkumi, ko ECOWAS ce ta yanke shi ko wani can. Duk ɗan siyasar da ya zo Gesse ko Kamba ko Kangiwa neman ƙuri'a, matasa su tare shi da wannan tambaya, su kuma tambaye shi inda yake da abin da ya faɗa a watan Agustan 2023.